Mutumin da Ya Cire wa Cocin Tagbuyan Rigar Siminti

Shekara arba'in da biyu da suka wuce aka yaɓe bangon cocin Santa Rita na garinmu Tagbuyan da siminti, kuma simintin nan ya kusa cinye ginin. Wanda ya riƙe cokalin yaɓen shi ne Sotero Lumayag, wanda yau babba da yaro ke kira Nong Teroy, kamar a ce Yaya Teroy. Shi ya ɓata, bai kuma taɓa musu ba. Abin da ya yi bayan ya gane ɓarnar shi ya sa nake wannan rubutu.

Duk mai sammakon zuwa kasuwar kifi ya san safiyarsa. Kafin a kaɗa ƙararrawar sujadar farko yana bayan coci, bakin ramin farar ƙasarsa, yana tura sanda yana jin laushinta. Daga nan ya zagaya ginin sau ɗaya, yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, kunne a kusa. Inda ya ji amo kamar na ganga, sai ya zana da gawayi. Can sai ga matarsa Nang Meding da dafaffiyar ayaba da busasshen kifi a ganye. Cocin nan a garinmu Tsohuwa muke ce mata, don haka kullum maganar Nang Meding ɗaya ce.

"In ka gama gaida Tsohuwa, ga abincin wadda ka aura."

"Ajiye nan. Ita ba ta yi mini gori."

"Ita ba ta wanke maka wando."

Shekara talatin da ɗaya haka suke.

Sunan wani Fada, limamin coci ɗan Sifen, ne a sassaƙe a saman ƙofar cocin, amma kakanninmu suka gina ta. Daga teku suka saro dutsen, lokacin da ruwa ya janye. Yana fitowa da taushi har a yanka shi da zarto, sai ya sha iska ya taurare. Tsofaffi sun ce duk mai zuwa sujadar Lahadi sai ya ɗauko guda a ka, wanda ya zo hannu rabbana kuwa bulala ke jiransa a bakin ƙofa. Kaurin bangon, namiji ya kwanta a miƙe bai kai ƙarshensa ba. Ta waje an tokare shi da manyan ƙafafu na dutse, shida a kowane gefe, masu faɗin gindi. Hasumiyar ƙararrawa kuma an ware ta taku talatin daga jikin cocin, don in ƙasa ta girgiza kada ta faɗo kan masu sujada, kuma daga samanta ake hango jiragen masu kamen bayi tun suna nesa. Girgizar ƙasa uku Tsohuwa ta gani a tsaye.

Amma dutsen teku yana da halinsa. Kamar soso yake. Da damina ya sha ruwa, da rani ya fitar. Yaɓen farar ƙasa yana barin sa ya yi gumi ya bushe. Aibinsa ɗaya, yana zubewa, duk bayan 'yan shekaru sai an sake. Fadan da ke nan a wancan lokaci mutumin kirki ne, gajiya kawai ya yi da sakewar. Siminti ya shigo gari, kowa na yi wa gidansa, an ce in an yi shi an yi ke nan har abada. Ya kira samari biyu da suka koyo aikin a birni, Teroy da abokinsa Balbino Cagampang, ya ba su bangon.

Kakan Teroy tsohon mai ƙona ɓawon katantanwar teku ne yana yin farar ƙasa. Ya zo ya zauna a matakalar coci yana kallonsu suna shafawa, sumul, gwanin sha'awa.

"Kun sa wa Tsohuwa rigar leda," in ji shi. "Ku jira ta fara gumi."

"Kaka, zamanin katantanwa ya wuce," in ji Teroy daga sama. "Je gida ka huta, za mu kira ka in an gama."

Mutane suka yi dariya. Tsohon ya tashi ya tafi. Bai kai ga ganin abin da ya faɗa ba.

Shekara goma sha ɗaya bayan haka, ranar da aka yi wa 'yar Teroy baftisma, abin ya fito fili. Balbino ne uban baftismar, shi ya sa har yau suke kiran juna Pare. Ana fitowa daga coci sai wani falle na siminti, faɗinsa ya kai ƙyauren ɗaki, ya ɓalle daga bangon kudu ya faɗo daidai inda mata ke sayar da kyandir. Allah ya sa sun tashi kallon jaririya, ba wadda ta ji ciwo. Teroy ya je wurin da farar rigarsa ta biki, ya sa hannu a inda ya ɓalle. Hannun ya shige har wuyansa. Ya zaro shi cike da gari mai danshi, kamar garin masara. Dutsen da kakanni suka ɗauko a ka ya ruɓe a bayan simintin, ba wanda ya sani.

Balbino ya dafa shi. "Pare, ba wani abu ba ne. Gobe in aiko da buhu biyu a toshe. Zo mu je, alade na hucewa."

"Pare, mu muka yi wannan."

"Fada ya sa mu."

"Fada bai riƙe cokali ba."

Ranar Litinin ya zo da guduma da cizal. Ba wanda ya sa shi. Sabon Fadan da ya tarar ya ce masa coci ba ta da abin ɗaukar ma'aikaci, ya ce shi ma ba aiki ya zo nema ba, nasa ya zo kwashewa.

Wanda bai taɓa ɓanɓare siminti daga jikin dutse mai taushi ba ba zai gane wahalar ba. In ka sa inji, zai tafi da fuskar dutsen gaba ɗaya. Dole da hannu, a hankali, kana bi ta gefe. Ranar da ya yi ƙoƙari ya buɗe faɗin tire. Inda dutse ya mutu ya sassaƙo wani ya cusa. Sannan a bar wurin ya sha iska wata da watanni kafin a yaɓe. Da rani kawai ake yi. Da damina ya je ya nemi abincin gidansa, yana gina wa mutane kicin da kaburbura. Kuma da siminti yake gina su, kada wani ya ɗauka gaba yake da shi. Kabarin uwata shi ya yi, ko tsaga babu. Cewa yake kowane abu da inda ya dace.

Farar ƙasar ma sai da ya koya daga farko, don lokacin da kakansa ke nunawa shi yana can yana dariya. Ya bi tsofaffin matan da suka yi dakon ɓawon katantanwar teku suna 'yan mata, wannan ta tuna rabi, waccan ta tuna rabi, su yi ta musu a gabansa. Sau uku yana yaɓawa tana zubowa. A na huɗu ta kama. Ɓawon a ƙona shi kwana uku da ɓawon kwakwa har ya yi fari, a zuba a rami da ruwan rijiya, a rufe a manta da shi shekara guda, in an samu biyu ya fi. Yashi na rafi, ban da na bakin teku. Ɗan ruwan rake a ciki. Shi ke nan, sai haƙuri.

Baƙi masu kyamara in sun zo tambayarsu ɗaya ce. "Baba, da gaske ne da farin ƙwai aka gina cocin nan?"

"Da gaske ne," yakan ce, ko ɗagowa ba ya yi. "Shi ya sa har yau kajin garin nan ba sa gaida mu."

Mu ma 'yan gari ba mu bar shi ba. In mun wuce sai mu ɗaga murya, "Nong, sai yaushe?" Ya ce, "In kun ji an kaɗa mini ƙararrawar jana'iza, to an kusa." Wasu na cewa alkawari ya ɗauka wa waliyiya Santa Rita, wasu na cewa taurin kai ne. Ni na ce duka biyun, kuma taurin kan ya fi yawa.

A shekara ta goma sha biyu da fara aikin, tsinin siminti ya tashi daga bakin cizal ya shige idonsa na hagu. Idon bai dawo ba. Sati biyu ya yi a gida ya koma kan dandamalin gora.

Kai ne, Nong Teroy, ka bi bangon kudu taku-taku har ka fitar da shi. Kai ne ka tono furannin da kakanni suka sassaƙa a gefen ƙofar gabas, waɗanda mu da aka haifa bayan siminti ba mu ma san suna nan ba. Matan da ke share coci sun shaida cewa warin rima da ke tashi bayan bagadi ya ɗauke, kuma zanen rufin ya daina baƙi. Teroy na Meding, mai farin hannu. Ban ƙara ba, don ka tsani a yi ta yabonka.

Bara ya rage masa wuri ɗaya, saman fuskar coci, can inda alkukin Santa Rita yake, tsayin bishiyar kwakwa daga ƙasa. Ya riga ya cire simintin wurin, dutse na tsirara yana shan iska, farar ƙasa ta shekara biyu tana rami tana jira. Sai guguwar watan Disamba ta zo. Teku ta hau har farfajiyar coci ta cika ramin da ruwan gishiri. Da safe ya ɗanɗana da harshe, ya tofar, ya zauna a bakin ramin. Gishiri in ya shiga bango ya fi siminti ɓarna. Duk abin da ke ramin ya tashi daga aiki.

Ga shi idin Santa Rita na watan Mayu shi ne na cikar cocin shekara ɗari biyu, Bishop da kansa zai zo. Bayan idi kuma damina, dutsen da ke tsirara ba zai jure ta ba. Kwamitin coci ya zauna a watan Janairu. Shugaban kwamitin Balbino ne, wanda yanzu ya zama Kapitan na unguwa, ya yi tumbi, kuma shi ke da shagon kayan gini mafi girma a gari.

"Pare, ka yi iyakar yinka," in ji shi. "Ɗan wurin nan da ya rage a shafa masa siminti a yi fenti. Wa zai gani a can sama? Tsuntsu?"

"Ruwa zai gani."

"Sabuwar farar ƙasa sai ta shekara. Kai ka faɗa da bakinka. Bishop zai jira shekara?"

"Bishop kwana ɗaya zai yi ya tafi. Bango yana nan."

"To ruwan saman Yuni fa? Shi ma ka ce ya jira?"

Nan Balbino ya faɗi gaskiya, Nong Teroy ma ya sani. Aka tsayar da magana: an ba shi zuwa ƙarshen Afrilu. In bai rufe wurin ba, za a kira masu siminti daga birni.

Akwai hanya ɗaya da ba ta bukatar jiran shekara, kuma sau ɗaya ya ga kakansa ya yi ta yana yaro. A ɗauko ƙonannen ɓawon da zafinsa, ba a jiƙa shi a rami ba, a binne cikin jiƙaƙƙen yashi a cakuɗa nan take. Yana tafasa, yana hayaƙi, yana tofi. Yaɓen da ya fito yana kama dutse fiye da kowanne. Amma tsofaffin ma tsoronsa suke ji.

Nang Meding ta ji labari tun kafin ya iso gida.

"Ido ɗaya ya rage maka, tsoho."

"Bango ɗaya ya rage."

"In ka makance kada ka ɗauka zan riƙa jan ka a gari kamar akuya."

"Ke da kika ja ni shekara arba'in, yau za ki gaji?"

Ba ta yi dariya ba. Washegari ta hau mota zuwa birni ta sayo masa tabarau na roba mai rufe ido ta ko'ina, ta rataya masa a wuya da hannunta.

Sati uku yana yi lafiya. Ya cakuɗa a ƙasa, ya ɗora a bokiti, ya hau, ya yaɓa. Rabin wurin ya rufu. Ina wurin ranar da abin ya faru, na kawo masa yashi a babur ɗina mai kwando, wajen ƙarfe goma na safe. Matsalar tabaran ita ce tururi yana rufe shi. Shi kuma cakuɗin nan da ido ake gane ya nuna, lokacin da ya tashi daga toka-toka ya koma fari yana tsattsagewa. In ka wuce lokacin ya ƙone, in ba ka kai ba ya fashe a bango. Ya goge tabaran da riga, ya sake rufewa. Ya sake gogewa. Na uku sai ya ɗaga shi goshi ya sunkuya. Wani dunƙule da bai gama shan ruwa ba ya fashe.

Bai yi ihu ba. Ya dafe fuska ya zauna a ƙasa. Na jawo shi bakin rijiya ina kwara masa ruwa guga bayan guga, abin da kawai ya ce shi ne, "Meding za ta kashe ni." Awa biyu muka yi kafin mu kai asibitin birni.

Kwana tara ya yi a can. Ranar da aka sallamo shi, fuska a naɗe, ya ce ba gida za a kai shi ba, coci. Nang Meding ta zage shi tas, sannan ta riƙe masa hannu suka tafi. Suna shiga farfajiya ya ji muryar Balbino.

"Ka zo da simintinka, Pare?" in ji Nong Teroy.

"Na zo da cokalina. Shekara talatin ban taɓa shi ba, sai da na kankare tsatsa. Ga kujera nan, zauna ka yi mini surutu, abin da ka fi iyawa ke nan."

"Gorar nan ba za ta ɗauki tumbinka ba."

"Na sa an ƙara biyu."

Haka aka ƙarasa. Masunta suka riƙa karɓa-karɓa wurin cakuɗi, kowa da tabarau, da fartanya mai doguwar ƙota, suna tsaye nesa. Nang Meding ce ke duba launi daga gefe, don ta kalli aikin nan fiye da kowa, in ta ce ya yi a ɗauke. Kapitan Balbino, mai shekara sittin da shida, yana can sama yana haki. Nong Teroy yana ƙasa a kujera, kai a karkace, yana sauraron cokali.

"Ka cika ruwa, Pare. Ina jin sa yana tsotsa."

"Daga nan kake ji?"

"Danna shi ya shiga ramukan dutsen. Kuma kada ka goge shi sumul kamar falon gidanka, bar masa kaushi."

"Makaho ma bai bar mutum ya huta ba."

"Da ka saurara tun farko da yanzu muna gida."

Saura kwana uku Afrilu ya ƙare Balbino ya sauko da bokiti na ƙarshe, hannuwa duk sun ɗaye. Ba a kira kowa daga birni ba.

Nong Teroy, mun gode. Ba na cewa kowa ya je ya ba da idonsa. Ɗaga tabaran nan wauta ce, na faɗa maka a asibiti, ina kuma maimaitawa a nan. Amma a garin nan mun iya ɓata abu mu ce wani ya sa mu, mu wuce. Kai ka ɓata kana ɗan shekara ashirin da huɗu, ka dawo ka tsaya a kan ɓarnarka har ka ga bayanta. Wanda duk ya san akwai abin da hannunsa ya lalata, a gida ne ko a wurin aiki, ya san inda zai fara. Kuma ga magana ga magina da ke garin nan: yaɓen farar ƙasa ba na har abada ba ne, nan da 'yan shekaru zai nemi sabo. An haƙa sabon rami a tudu, an cika shi. Mutumin yana nan da ransa, kansa garau, bakinsa ya fi da kaifi. Ku je ku zauna kusa da shi ku koya tun ana iya tambaya.

Ranar idi aka kwance gorar. Gari ya cika, 'yan bushe-bushe sun zo daga garuruwa uku, Bishop ya tsaya a farfajiya ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Nang Meding ta kawo mijinta cikin farar riga, ta tsayar da shi a gaban coci. Ya ɗan fuskanci hasumiya, ta kama kafaɗunsa ta juyo shi daidai.

"Yaya ta fito?" ya tambaya.

"Fari tas. Rana na dukanta har ba a iya kallo sosai."

"Wajen alkukin fa?"

"Akwai inda Balbino ya ɗan karkace, ta hagu."

"Na sani. Na ji lokacin da ya yi."

Ya tsaya a nan har aka shiga sujada, fuska a sama. Likita ya riga ya gaya wa Nang Meding, ita kuma ta gaya masa ba ɓoye-ɓoye: farar ƙasar ta dafa idon dama har ciki, abin da zai iya bambantawa daga yanzu shi ne rana da duhu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran cocin nan. Duk Tagbuyan ta ga yadda ta fito, har baƙin da suka zo cin alade suka tafi. Shi kaɗai ne bai gani ba, kuma ba zai gani ba.